Takardun da na liƙa a madubi bayan jikina ya ƙi ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin ina fasawa, don ni ba mai son baza sirrin rayuwata bace, amma kwanakin baya wata ƙawata ta shigo ɗakina ta ga wasu 'yan takardu liƙe a jikin madubi, ta tsaya tana karanta su ɗaya bayan ɗaya ba ta ce komai ba, da ta juyo sai naga idonta ya ciko, tace "don Allah ki faɗa wa mutane yadda akai kika fara wannan, wallahi da yawanmu muna cikin halin da kika fito." Shi ne nace toh bari in daure in rubuta, ko mutum ɗaya ne ya amfana na gode Allah.

Shekarata 39, 'ya'yana uku, aikina lissafin kuɗi ne a wani ofis, wato dai wuni nake a gaban kwamfuta ina bin lambobi. Shekara uku da suka wuce in ka ganni zaka ce ga mace mai ƙoƙari, kowa yabona yake, a ofis ni ce wadda ba ta cewa a'a, a gida ni ce ta ƙarshen kwanciya ta farkon tashi, a dangi duk abinda ya taso sai ace a kira wance. Kuma gaskiya ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye ba. Abinda mutane basu gani ba shi ne barcina baya wuce awa huɗu zuwa biyar, kofi ne yake riƙe da ni, sai in sha sau uku sau huɗu a rana har da yamma, ciwon kai kuwa a ƙeya ya zama abokin zama, in ya matsa in haɗiyi magani in cigaba da aiki. Na ɗauka haka rayuwar babba take, kowa ma haka yake fama.

Wata ranar Talata ce a ƙarshen wata, lokacin rufe lissafi, ina kallon kwamfuta sai naga lambobin sun fara rabuwa biyu, na murza ido suka ƙi haɗewa, kunnena na hagu ya ɗauki wata irin ƙara kamar ana hura min iska, na miƙe zan je in wanke fuska sai jiri ya ɗebe ni na dafe tebur. Wata abokiyar aikina ce ta riƙe ni, ina ta cewa ba komai yunwa ce kawai, ta ƙi saurarata ta saka ni a mota sai asibiti. Nas ta ɗaura min abin awon jini, ta duba, ta ɗago ta kalle ni, tace in zauna shiru minti biyar kar in yi magana, sannan ta sake aunawa a ɗaya hannun. 172/106.

Likitan dattijo ne mai haƙuri, ya zaunar da ni yayi min bayani. Yace lambar sama ita ce ƙarfin da jini ke bugun jijiyoyi lokacin da zuciya ta matse ta tura shi, ta ƙasan kuma lokacin da zuciyar ta saki tsakanin bugu da bugu. Mai lafiya yana wajen 120/80, in kuma aka auna mutum a ranaku biyu daban-daban aka samu 140/90 ko sama da haka, toh hawan jini ne. Yace abin tsoron shi ne yawanci baya nuna alama, mutum na harkokinsa yana jin garau alhali ciwon yana cin ƙoda da ido da zuciya a hankali, har ranar da zai buga a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tace manya sama da biliyan 1 ne ke ɗauke da shi kuma kusan rabinsu basu san suna da shi ba. Sai ya tambaye ni, "Malama, akwai mai shi a gidanku?"

Nan na fashe da kuka. Ummanmu shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita, shekara huɗu tana kwance, ni na riƙa juya ta ina mata wanka ina ba ta abinci a baki, macen da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma sai dai ta bi mu da ido, bakinta ya karkace magana ba ta fita sosai, har Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta da rahama. Kuma duk shekarun nan ban taɓa tunanin in miƙa hannuna a auna ni ba, in banda lokacin awon ciki. Autata a lokacin shekararta huɗu. A hanyar komawa gida ita kaɗai ce a raina, ina tambayar kaina in na kwanta wa zai juya ni, ita?

Bayan kwana uku na koma aka sake aunawa, bai sauka yadda ake so ba, aka ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kullum da safe.

Toh tsoro ya sa na yi abinda mutane da yawa ke yi, na ɗauko babban littafi na tsara sabuwar rayuwa a dare ɗaya. Zan tashi ƙarfe huɗu da rabi, zan yi gudu awa guda, taku dubu 10 kullum ba fashi, babu sukari babu gishiri babu kofi kwata-kwata, zan karanta littafi ɗaya duk sati. Kwana tara na yi. Rana ta goma yaro ya kwana da zazzaɓi ban runtsa ba, da safe na kasa tashi, washegari ma haka, kafin sati ya zagayo na koma gidan jiya, kuma wannan karon abin ya fi ciwo, don a da ina cewa ban sani ba ne, yanzu kuwa na sani kuma na kasa. Na fara faɗa wa kaina maganganun da ba zan iya faɗa wa maƙiyina ba, cewa ni ba ni da zuciya, cewa haka zan ƙare kamar Umma kuma laifina ne. Kusan wata biyu ina cikin wannan halin, ina zuwa aiki ina dawowa kamar wadda aka ɗaura wa dutse a wuya.

Yayata ce ta zo ta same ni wani dare zaune a ƙasa a kicin, yara sun yi barci, ina riƙe da waya ba abinda nake kallo a ciki. Ta zauna kusa da ni ba ta min faɗa ba. Na nuna mata littafin tsarin nan ta buɗe ta karanta, sai tace "Ƙanwata, wannan ai wa wata kika rubuta, ba wa ke ba. Wannan matar ba ta da yaro mai zazzaɓi, ba ta da ƙarshen wata." Ta ɗan yi shiru sannan tace abinda har yau yake kunnena, "ke matsalarki duk shawarar da ta shafi lafiyarki kina yanke ta ne a lokacin da kika fi gajiya. Ƙarfe sha ɗaya na dare kike tambayar kanki ko in kwanta ko in ƙarasa aiki, da asuba idonki na rufewa kike tambayar kanki ko in fita ko in bari. Gajiyayye ai amsa ɗaya gare shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki zauna ranar da hankalinki ke kwance ki rubuta wa wannan gajiyayyar saƙo, gajere, wanda za ta iya bi ko da ba ta da ƙarfi."

Ranar Asabar da safe bayan na samu barci sosai na yanka farar takarda ƙanana na ɗauki biro. Ta farkon da na rubuta kalma uku ce: sa takalmin kawai. Ban ce yi gudu ba, ban ce minti nawa ba. Na liƙa ta a madubi daidai inda idona ke sauka in na tashi, na ajiye takalmin a bakin ƙofa tun da dare. Alƙawarin da na yi wa kaina shi ne in na sa takalmin na fita minti biyar, in har bana so in dawo ba laifi. Wallahi 'yan uwa a cikin shekara ukun nan ranakun da na juyo bayan minti biyar ba su da yawa, don da zarar iska ta bugi fuskata ƙafa ta ɗauki hanya sai inji toh bari in kai wancan kwanar, daga nan in ƙara. Shekaru ina jiran karsashi ya zo sannan in fara, ashe shi karsashin a bayan farawa yake tafe, baya shiga gaba. Daga baya wata mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta faɗa min su ma haka suke yi da masu ciwon damuwa, basa jira sai mutum yaji yana so, sai su sa shi ya fara ɗan ƙaramin abu a lokacin da aka tsayar, jin daɗin yana biyowa daga baya.

Ni mutum ce da bana iya riƙe abu sai na san dalilinsa, shi yasa na shiga karance-karance, kuma abinda na gano ya sauke min nauyi sosai. Taku dubu 10 ɗin nan da na shaƙe kaina da shi, asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka fito da ita kasuwa a Japan a 1965, ba wai likitoci ne suka zauna suka yanke cewa ƙasa da haka banza bane. Abinda Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a ƙa'idojinta na 2020 shi ne babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, da ɗan aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a sati, kuma suka ce ko kaɗan ne ya fi babu. Minti 150 ai minti 30 ne sau biyar. Matsakaicin kuma shi ne irin tafiyar da za ki iya magana amma numfashi ba zai bar ki ki rera waƙa ba. Da na ga haka nace ashe abin bai fi ƙarfina ba, ni ce na ɗora wa kaina kayan da ba a ɗora min ba.

Takarda ta biyu ita ta fi ba ni wahala, har yanzu ma ita nake yawan karyawa. Ƙarfe 10 waya ta kwana a falo. Na sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa don kar in ce da waya nake tashi, na mayar da caja falo gaba ɗaya. Satin farko kamar an cire min wani abu a jiki, in kwanta hannuna yana laluben gefen filo, kuma duk tunanin da nake gudu da rana sai ya taso min a duhu, kewar Umma, tsoron ciwo, abubuwan da ban gama ba. A nan na gane ba wai son waya nake ba, ɓuya nake a cikinta. Jiki yana da wani sinadari melatonin da yake fitarwa in duhu yayi don ya shirya mutum barci, haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta shi, ga kuma abinda ake kallon kansa yana tayar da hankali. Babba yana buƙatar awa 7 ko fiye, ni kuwa shekaru ina ba jikina huɗu ina mamakin me yasa nake tsawa a kan abinda bai kai ya kawo ba. A ƙasan takardar na ƙara layi ɗaya, bayan ƙarfe 2 babu kofi, saboda kafeyin ɗin da ke ciki sai yayi wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wato wanda na sha ƙarfe biyar na yamma rabinsa yana nan yana aiki ƙarfe goma na dare. Ban daina kofi ba, ina sha da safe kuma ina jin daɗinsa.

Ta gishiri kam ba ta ba ni wuya ba, tana liƙe a kicin. Ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma har da wanda ke ɓoye cikin kayan gwangwani da na leda. Na koyi juya kaya in karanta bayansu, in an rubuta sodiyam sai in ninka sau biyu da rabi in samu gishirin. Sati uku na farko komai lami nake ji, daga nan harshe ya saba, yanzu in aka cika gishiri ni ce ta farkon ganewa.

Sai kuskuren da na yi wanda nake roƙon duk mai karanta wannan kar ya maimaita. Bayan wata biyar ina tafiya ina barci, na auna a gida naga 128/82, na sake aunawa washegari kusan haka, murna ta kama ni nace alhamdulillah na warke, na ajiye ƙwayar ban faɗa wa kowa ba, ko maigidana bai sani ba. Sati uku lafiya lau. A na huɗu ciwon ƙeyar nan ya dawo, na auna naga 161/100. Da na koma asibiti likitan nan mai haƙuri ranar bai yi min murmushi ba, yace "Malama, jinin ya sauka ne saboda kina shan maganin, ba don ya tafi ba. In za a rage ko a canza, ni da ke za mu zauna mu yanke, ba ke kaɗai a ɗaki ba." Na ji kunya sosai, amma na fi jin tsoro, saboda na tuna Umma ma haka take yi, in taji sauƙi sai ta ajiye, mu kuma bamu san illar hakan ba balle mu matsa mata. Ranar na rubuta maganar likitan kusan yadda ya faɗe ta na liƙa a jikin kwalin maganin, kuma na roƙi maigidana ya riƙa tambayata kullum da safe, nace ko na nuna ɓacin rai kar ya fasa. Bai fasa ba, Allah ya saka masa.

Akwai wata takarda da na rubuta saboda ranakun da na faɗi, don suna nan da yawa. Jiya ta wuce, kar ki haɗa biyu. A da in na rasa rana ɗaya sai ince shikenan na ɓata, bari sai Litinin in sake sabon farawa, Litinin ta zo ince sai farkon wata. Ana yawan cewa kwana 21 ke mayar da abu ɗabi'a, ni kuma na wuce 21 ina jin har yanzu da ƙyar nake yi sai na ɗauka wani abu ne ke damuna. Sai na ci karo da binciken da wata mai suna Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan aka fitar a 2009, sun bi mutum 96 da kowanne ya zaɓi sabon abu ɗaya da zai riƙa yi kullum, suka ga a tsaka-tsaki sai an yi kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wani 18 ya ishe shi wani kuma lissafinsa ya kai 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe abin ba. Na karanta wannan sau uku. Ni ina cikin masu daɗewar ne, tafiyar safe ta kusa wata shida kafin in daina jayayya da kaina a kanta, kuma hakan ba aibu bane.

Yanzu bari in zo kan aiki, don duk waɗancan da ba su tsaya ba in da ban taɓa nan ba. Tun kafin ciwon na lura aikin da nake so a da ya fita raina, in naga sunan ofis a waya gabana ya faɗi, in zauna awa biyu a kan abinda a da minti talatin ne, mutanen da nake yi wa aiki na fara jin haushinsu ba dalili. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan halin a kundinta, tace ba cuta bace ita kanta, abu ne da ke fitowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba, kuma alamunsa uku, ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin ko ta tsane shi, sannan ƙwazo ya ragu. Duka ukun ina da su. Kuma na san daga ina suka zo, daga bakina ne da baya iya cewa a'a. Kafin mutum ya rufe baki na ce toh, sai na koma gefe in fara cizon yatsa.

Saboda haka takardar da ke jikin kwamfutata ba a'a na rubuta ba, don na san ba zan iya furta ta ba. Na rubuta: bari in duba in faɗa maka gobe. Wannan jimlar ta ceci rayuwata, ba ƙari nake ba. Tana ba ni dare ɗaya in auna, kuma da safe mai hankalin ce ke amsawa ba mai tsoron ɓata wa mutane rai ba. Ranar da na fara gwada ta a kan ogana, ya kira ni wajen ƙarfe tara na dare yana son wani rahoto kafin safiya, hannuna na rawa nace "Yallaɓai, likita ya ɗora ni a kan magani kuma ya hana ni aikin dare, in Allah ya kai mu ƙarfe takwas zan fara shi, kafin sha biyu yana teburinka." Ya yi shiru sannan yace toh. Ba zan ce muku abin ya tafi ba tare da asara ba. An daina kirana a wasu abubuwan, wani matsayi da nake sa rai aka ba wani, na yi kuka a kan haka kuma har yanzu in na tuna yana min zafi. A dangi ma akwai waɗanda suka ce na canza, na fara ji da kai. Wasu daga baya sun fahimta, wasu har yau. Amma na auna, na ga matsayin ba zai juya ni a gado ba in na kwanta.

Abu ɗaya da ban taɓa lissafa shi cikin lafiya ba shi ne mutane. Ina cikin grup-grup a WhatsApp sun fi ashirin amma in ka tambaye ni yaushe rabon da in zauna da ƙawa mu yi hira ta gaskiya, sai in kasa tunawa. Akwai wani dogon bincike da aka fara a jami'ar Harvard da ke Amurka tun 1938, aka bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufa, daga baya aka haɗa da matansu da 'ya'yansu, kuma babban abinda suka yi ta gani shi ne waɗanda ke da kyakkyawar alaƙa da mutanensu sun fi lafiya da kwanciyar hankali a tsufa. Ni dai ban buƙaci bincike ba ma, na gani a daren da Yaya ta zauna da ni a ƙasan kicin. Takardar tace: kira mutum ɗaya yau, da murya. Ba rubutu ba, ba sitika ba. Wani lokacin minti uku ne, wani lokacin awa guda. Ta haka na gano ƙawata ta makaranta ta yi shekara tana jinyar mijinta ban sani ba, alhali kullum ina ganin hotunan da take sawa ina danna mata alamar so.

Kuma don Allah kar wani ya ɗauka takarda magani ce. A watannin nan biyu da na faɗa muku, abin ya wuce kasala, bana jin daɗin komai, abinci baya min ɗanɗano, ina farkawa tsakar dare da kuka. Yaya ce ta matsa sai da na je na ga masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, na yi zama da su sau da yawa, a nan ne ma na fara maganar rasuwar Umma da bakina, shekaru bayan an yi ta. In mutum ya kai sati biyu ko fiye a irin wannan halin kusan kullum, ba rubutu a madubi yake buƙata da farko ba, mutum yake buƙata wanda ya san aikin, kuma zuwan ba hauka bane ba kuma raunin imani bane.

Wani abu da na lura da shi, takarda in ta yi sati uku huɗu a wuri ɗaya ido yana daina ganinta, ta zama kamar fentin bango. Na gwada sa tunatarwa a waya, ita kuma da ta yi ƙara yatsana ke share ta kafin ma in karanta. Shi yasa duk farkon wata nake cire su duka in sake rubutawa da hannuna, in canza musu wuri, wadda na ga ta zama jiki in yar da ita, wadda nake ta karyawa in tambayi kaina ko ta yi girma ne in rage ta. Ta ruwan sha na daɗe da yar da ita don yanzu gorar tana kan tebur ba sai an tuna min ba. Ta tashi daga kujera duk bayan awa ɗaya kuwa ta yi shekara biyu tana dawowa. Basa wuce biyar ko shida a lokaci ɗaya, in suka fi haka sai su koma irin littafin nan na farko.

Satin da ya wuce ƙarshen wata ne, kuma bai min da sauƙi ba. Kwana biyu a jere na kai sha biyu ina aiki, waya ta kwana a gefen filo, tafiya ko ɗaya ban yi ba, har na yi wa babban ɗana tsawa a kan kofin da ya bari a tebur naga yadda ya sunkuyar da kai ya fita. Ranar Alhamis na farka jikina kamar an min duka, tsohuwar muryar nan ta fara, kin gani ko, dama ai ba za ki iya ba. Na je gaban madubi zan wanke fuska sai naga wata takarda da ba ni na liƙa ba, an yago ta daga littafin makaranta an manna da salatif a ƙasa-ƙasa daidai tsayin mai ita, rubutun autata ne da fensir, yanzu shekararta bakwai. Ta rubuta, Umma sa takalmi zan raka ki.

Na same ta a bakin ƙofa ta riga ta sa nata, ƙafar hagu a dama. Na gyara mata muka fita, minti goma sha biyu muka yi don kar ta makara makaranta, tana ta ba ni labarin wata 'yar ajinsu da haƙorinta ya fita. Da muka dawo na sha ƙwayata, na je ɗakin yayanta na ba shi haƙurin tsawar da na masa, sannan na zauna minti biyar na ɗaura abin awo. 134/86. Na rubuta a littafin da zan kai wa likita ranar Litinin. Takardar tata ban cire ba, tana nan a ƙasan madubin inda ta manna ta.